Tsakanin Ƙara Haƙora da Ƙara Yawan Giya: Amsa ga Mai Komawa Ɗa'ifa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ke Jidda ya ce aiki zai mayar da shi Ɗa'ifa, kuma kekensa na titi mai giya 9 ne samfurin Shimano Sora, da kaset 11-28 a baya, wato jerin farantan haƙora da ƙaraminsu ke da haƙora 11, babbansu 28, da farantan gaba masu haƙora 50 da 34. Tambayarsa ita ce ko ya sa kaset 11-34 mai giya 9, ko kuwa ya koma tsarin giya 11 gaba ɗaya.

Malam, abin da ke sauƙaƙa hawan tudu shi ne girman babban farantin baya, ba yawan farantan ba. Tayar 700c, wato irin ta keken titi, tana cin kusan mita 2.1 a juyi guda, don haka idan sarƙa tana kan 34 a gaba da 28 a baya, kowane zagayen feda zai tura ka kimanin mita 2.55, amma idan na bayan ya zama 34, zagaye ɗaya na feda juyi ɗaya ne na taya, wato mita 2.1 kacal. A gaɓar tekun Jidda, inda ƙasa take shimfiɗe kuma iska ce kaɗai abokiyar kokawarka, wannan bambanci ba ya bayyana. Ɗa'ifa kuwa tana sama da mita 1,800 daga doron teku, kuma a can gwiwa za ta gane shi tun a hawan farko.

Hanya ta farko ita ce mai sauƙi. Kaset na Shimano mai giya 8 da 9 da 10 duk kan gindi iri ɗaya suke zama a tsakiyar wilin baya, wanda ake kira HG, saboda haka 11-34 zai shiga wilinka ba tare da an taɓa shi ba, kuma hannun canjin giyarka zai ci gaba da aiki domin tazarar farantan tana nan a milimita 4.35. Abubuwa biyu ne za a duba. Na farko direlar baya, wadda ke ɗora sarƙa daga faranti zuwa faranti: ta Sora R3000 mai gajeren hannu, wato SS, tana tsayawa a haƙora 32, mai matsakaicin hannu, wato GS, ita ce ke kaiwa 34. Na biyu sarƙa, wadda dole a sa sabuwa mai ƙarin tsawo, kuma ina roƙonka kada ka bari mai gyara ya ɗora tsohuwar a kan sabon kaset, domin za ta riƙa tsalle, ta kuma cinye haƙoran da wuri. Aibin wannan hanya shi ne faɗin taku tsakanin giya, domin jerin 11-28 yana farawa da 11, 12, 13, 14, shi kuwa 11-34 yana tafiya 11, 13, 15, 17, don haka a miƙaƙƙen titi wani lokaci za ka ji wannan ta yi nauyi, ta kusa da ita kuma ta yi sakayau.

Hanya ta biyu tana rage wannan aibi, sai dai tana jawo kashe kuɗi mai yawa. A giya 11 tazarar farantan ta matse zuwa kusan milimita 3.7, wanda ke nufin hannayen canji da direla da sarƙa duk sai an sauya su, galibi har da kayan gaba. Yawancin kaset ɗin titi masu giya 11 kuma suna buƙatar gindin da ya fi naka tsawo da milimita 1.85, ko da yake 11-34 na Shimano, kamar HG700, yana zama kan tsohon gindi. Bayan duk wannan ɗawainiya, giyarka mafi sauƙi tana nan 34 da 34, daidai da ta hanyar farko.

A ganina ka tsaya kan giya 9. Kafin ka sayi komai, ka karanta lambar da ke bayan direlarka, ka kuma dubi tsawon hannunta. Idan SS ce kuma ba ka son sauya ta, kaset 11-32 zai shiga, ya ba ka kimanin mita 2.2 a kowane zagayen feda. Allah ya kai ka lafiya.