Kyamarar zafi ko mitar girgiza: wacce za a fara saya?

Injiniya, tunda kuɗin abu ɗaya aka ware muku, ko kyamarar zafi (mai nuna zafin abu da launi) ko mitar auna girgizar moto, ɗauki kyamarar. Ina da su duka biyun, amma guda ce nake cajin batirinta a kai a kai.

Abin da ke cin VFD, wato na'urar da ke sarrafa gudun moton lantarki, da kayan cikin fanel zafi ne. Kafasitocin da ke cikin VFD, wato ma'ajiyar cajin wuta, masu ƙera su na lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage musu rabin kwana. Yawancin VFD kuma an yi su ne don iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, in ta haura sai an rage musu lodi. Fanka ta gaji, matatar iska ta toshe da ƙura, noti ya saki a bakin bireka: dukansu da zafi suke fara sanarwa, tun ana da sauran lokaci. Kyamara za ta nuna maka wannan alhali injin na tsaka da aiki, ba sai an tsayar da layi an shiga rigima da mutanen sarrafa kaya ba. Mitar girgiza kuwa ba ta da ta cewa a cikin fanel.

Akwai wani VFD na famfon ruwan sanyaya injuna da ya taɓa hana mu sakat. Da rana in lodi ya yi nauyi sai ya katse, ya rubuta cewa layi ɗaya ya ɗauke. A tsayar, a auna, a ga wuta lafiya lau a layukan uku. Har an yanke shawarar VFD ɗin ne ya mutu, ana neman takardar sayen sabo. Na ce a ba ni dama in haska shi yana cikin aiki. Layi biyu suka fito da launi ɗaya, na ukun a bakin kwantakta, wato makunnin da ke haɗa wutar, ya yi fari fat. Da aka kashe aka kwance, tagullar ta yi baƙi, robar wayar ta fara ƙamewa. Muka yanke wurin, muka sa sabon kai, muka ɗaure daidai ƙarfin da littafin ya ce. VFD ɗin da aka so jefarwa har yau yana aiki. Tun ranar manaja ya daina tambayata amfanin "wannan wayar taka mai launi".

Sai dai kyamarar tana da nata sharuɗɗan. Kada ka dogara da lambar da ta rubuta ita kaɗai, kwatanta layukan uku da juna. A jadawalin NETA, ƙungiyar masu gwajin kayan lantarki, in bambanci tsakanin abubuwa iri ɗaya masu ɗauke da lodi ɗaya ya wuce digiri 15, gyaran gaggawa ne. A haska lokacin da lodi ya kai aƙalla kashi 40 cikin ɗari, don waya mai sako-sako ba ta zafi in ba a jan wuta. Tagulla mai sheƙi kuma tana yaudarar kyamara, sai ta nuna sanyi alhali tana ƙuna. In an kashe wuta, manna baƙin tef na lantarki a wurin, nan gaba a kansa za ka auna. Ba ta gani ta cikin gilashi ko murfin roba, dole a buɗe ƙofa, saboda haka kayan kariya wajibi ne. In ka gano matsalar ka kashe wuta, kada ka yi gaggawar kai hannu: a layin bolt 400, kafasitocin VFD na riƙe kusan bolt 560, kuma ba nan take suke saukewa ba. Jira mintunan da aka rubuta a jikinsa, sannan ka auna. Idan shugabanninka masu son ganin takarda ne, ƙa'idar kula da kayan lantarki ta Amurka, NFPA 70B, bugun 2023, ta ce a haska kayan lantarki aƙalla sau ɗaya a shekara.

Mitar girgiza fa? Ba zan ce ba ta aiki ba. Boris ne kan gaba wajen kashe moto, kuma girgiza na tona shi tun kafin ya yi zafi. Amma ƙaramar da kuɗinku zai iya saya lamba ɗaya take bayarwa, milimita a daƙiƙa, ka je ka duba jadawalin ISO 20816, ƙa'idar duniya kan girgizar injuna. Za ta ce maka moto na rawa, ba za ta ce boris ne, ko rashin saiti, ko gindin ne ya saki ba. Ga shi VFD na canza gudu, awon yau ba ya kwatantuwa da na jiya sai a gudu ɗaya. Mai rarrabe girgizar daki-daki tana da tsada, kuma sai da wanda ya koyi karanta ta. Mitar girgizar tawa tana cikin durowa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa. Wasu lambar allon kyamarar, wato yawan ɗigogin hotonsa, suke rubutawa a kwali, ko wadda manhaja ta kumbura, alhali idon da ke ganin zafin ƙarami ne. Tambayi ainihin lambar idon, kada ya gaza 160 a 120, in ba haka ba ƙananan wayoyin PLC, kwamfutar da ke sarrafa injuna, za su haɗe maka wuri guda. Wasu ma bindigar auna zafi ce aka liƙa wa kyamarar hoto. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora tafinka a bango na ɗan lokaci ka ɗauke, in ba ka ga sawun yatsunka biyar a allon ba, ajiye musu kayansu. Nemi takardar shaidar saita awonta mai lamba ɗaya da ta jikin na'urar.

Irin waɗannan 'yan kasuwar ne kuma ke goge tsohon VFD su sa a sabon kwali. Duba shekarar ƙira a jikinsa. Ko sabo ne dal, in ya haura shekara ɗaya zuwa biyu a ajiye, sai an farfaɗo da kafasitocinsa a hankali kamar yadda littafinsa ya tsara kafin a ba shi cikakkiyar wuta, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka wannan ba.