Global Forest Watch: Taswirar da ke Nuna Halin da Dazukan Arewacin Duniya ke Ciki

Na shafe makonni ina amfani da shafin Global Forest Watch, wanda cibiyar World Resources Institute da ke birnin Washington ta ƙaddamar a shekarar 2014, domin in ga da idona abin da ke faruwa da dazukan ƙasashen sanyi, waɗanda suka miƙe daga Alaska da Kanada har zuwa Rasha. Shafin kyauta ne, kuma ya dogara da hotunan tauraron ɗan adam na Landsat waɗanda masanan Jami'ar Maryland ke tacewa, inda ake shafa launin ruwan hoda a duk wurin da aka yi asarar itatuwa tun daga 2001.

Inda ya fi ratsa ni shi ne lardin Alberta na Kanada. A arewacin garin Fort McMurray, gefen kogin Athabasca, kamfanoni na haƙo yashi mai gauraye da ɗanyen mai, kuma kafin su kai gare shi sai sun share dajin sun kwashe ƙasar fadamar da ke ƙarƙashinsa. Idan mutum ya ja ma'aunin shekarun da ke jikin taswirar a hankali, zai ga ramukan suna cin dajin kaɗan-kaɗan, sai kwatsam a 2016 launin ya mamaye kewayen garin, shekarar da gobara ta tilasta wa mutane fiye da 80,000 barin gidajensu. Taswirar 2023 kuwa tana da nauyin kallo, domin a shekarar wuta ta cinye kimanin hekta miliyan 15 a Kanada. Na yaba ƙwarai da yadda shafin ke ware asarar da gobara ta jawo daga sauran, saboda hakan ne ke ba mai bincike damar bambance ɓarnar injin haƙa da ta zafi da fari.

Sai dai ma'auninsa itace ne, kuma abin da yake ƙirgawa shi ne tsiron da ya haura mita 5. Can kusa da tekun ƙanƙara, inda itatuwa ba sa tsirowa, launin nan ba ya faɗin komai. Filin gaɓar teku na gandun namun dajin Arctic a Alaska, inda garken barewar sanyi da al'ummar Gwich'in, 'yan asalin yankin, ke dogaro da shi yake haihuwa, kuma inda aka yi gwanjon izinin haƙar mai a Janairun 2021, ba ya cikin wannan lissafi. Haka ma narkewar daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Tsilli-tsillin itatuwan gonakinmu na Sahel su ma ba sa fitowa sosai.

Ina ba malamai da 'yan jarida shawarar su yi amfani da shi, su zana iyakar yankin da suke so a kan taswirar domin samun alƙalumansa. Wanda kuma ke bibiyar rikicin mai a Alaska, sai ya haɗa da wata majiyar.