Wace filasha za ka saya wa tsohon babur ɗinka?

Idan sigina ta daina ƙiftawa a tsohon Jincheng ko Honda CG125, abin da mai shago zai fara miƙo maka shi ne filasha, wato 'yar na'urar da ke sa sigina ƙiftawa. Kada ka yi saurin zaro kuɗi. Ni an taɓa sa ni na sayi wayarin ɗin babur gaba ɗaya, ashe tsatsa ce kawai ta ci wurin da koriyar waya ta at, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, take manne da jikin firam. Da sanfefa aka gyara daga baya. Saboda haka fara duba fiyus, da ƙwan, da at. A tsarin Honda, wanda yawancin baburan Chana suka kwafa, waya mai ruwan lemu ita ce hagu, shuɗiya mai haske dama, ruwan toka kuma ita ke fitowa daga filasha zuwa makunnin hannu. Cire filashar ka haɗa wayoyinta biyu: in ƙwayayen suka kama tar ba ƙiftawa, to ita ce ta mutu.

Zaɓina ita ce ta lantarki mai ƙafa biyu, wadda aka rubuta B da L a gindinta. B na karɓar wuta daga batir, L na kai ta sigina. Ba ruwanta da nauyin ƙwai, ko ka sa na asali mai wat 10 ko ka koma LED, ƙiftawarta ɗaya ce. Abin da ya fi burge ni, ko batir ya yi sanyi tana aiki a silo, ba sai ka murɗa totur a tsakiyar shataletale ba. Sharaɗinta biyu ne: kada ka juya ƙafafun, kuma ka tabbatar da ƙarfin wutar babur ɗinka, wato bolt nawa ne, domin wasu tsofaffin CG 6 ne, ba 12 ba.

Ta gwangwani, mai ɗan ƙarfen da zafi ke lanƙwasawa, tana da araha, amma ƙwai ɗaya ya ƙone ta rikice. Mai yin ƙara in an kunna sigina kuwa, damina ɗaya ta isa ta kashe ta.

Matsalar ita ce jabu sun cika kasuwa, kuma kwalinsu ya fi na gaske sheƙi. Rubutun "Japan" a jikin roba ba hujja ba ce. Ɗauke ta a tafin hannu. In ka ji ta sakayau kamar ɓawon gyaɗa, ajiye. Juya gindinta ka ga ko an toshe shi da gam, don in a buɗe yake, ruwan wanki kaɗai zai kashe ta. Haka wayar da za a ƙara maka: akwai ta alminiyam da aka shafa wa ruwan tagulla. Kankare silin da wuƙa, in fari ya bayyana, mayar masa. Irinta ce ke karyewa a wuyan babur, cikin roba inda ido ba ya gani, sigina ta riƙa zuwa tana ɗaukewa duk sanda ka karya kan.

Ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kake ko Panteka ta Kaduna, je da babur ɗin, a jona filashar a gabanka, a gwada hagu da dama injin a kashe. Wanda ya ce "ai sabuwa ce dal, ba sai an gwada ba", wuce shago na gaba.