Sharhi kan doguwar riga ruwan hoda da aka ɗinka wa autata don liyafar kammala sakandare

Rigar da zan yi sharhi a kanta an ɗinka ta ne domin liyafar da makarantar autata ta shirya wa 'yan aji shida bayan sun gama jarrabawar WAEC da NECO, taro ne na 'yan mata zalla da malamansu mata, inda ake cin abinci, a raba kyaututtuka, sannan a saki kiɗa yara su taka rawa kafin magariba. Makarantar ta gindaya sharuɗɗa tun da wuri: riga ta kai idon sawu, hannunta ya sauka har wuyan hannu, kada a hango jiki ta cikin yadi, kuma kowace yarinya ta zo da mayafi. Launi kuwa an bar wa kowa zaɓinta, ita kuma ta daɗe da tsayar da ranta a kan ruwan hoda. Yanzu da aka sa rigar, aka yi rawa da ita, aka wanke ta aka goge, hukuncina shi ne yankan da shafin sun cancanci kuɗin da aka biya, amma adon duwatsu da zif ba su kai matsayin sauran aikin ba.

Yadin a Kantin Kwari muka saya, kuma a nan ne aka sha mafi yawan shawara, domin ruwan hoda kala-kala ne. Akwai mai haske ƙwarai irin na kayan jarirai, akwai mai ƙarfi wanda ake hangowa tun daga nesa, akwai wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan lemo, akwai kuma mai sirkin toka-toka wanda ya kwanta bai cika ɗaukar ido ba. A ƙarƙashin fitilun shago duk suna ruɗin ido, shi ya sa na roƙi mai shagon ya bari mu fito da kowanne bakin ƙofa, yarinyar ta kara shi a ƙarƙashin haɓarta cikin hasken rana. Ita wankan tarwaɗa ce, kuma nan take muka ga mai hasken nan ya dusashe mata fuska, mai ƙarfin kuma ya rinjaye ta har mutum ya fara ganin riga kafin ya ga mai rigar. Mai sirkin tokan shi ne ya zauna da fatarta. Hoton da ta ajiye a wayarta na mai ƙarfin ne, kuma ba ta saki ra'ayinta da sauƙi ba, sai da ta ɗauki kanta hoto da kowanne yadi a waje ta kwatanta da idonta. Ina ganin wannan ita ce hanyar da ta dace a bi da yarinya mai wannan shekaru, a bar ta ta gani da kanta, domin rigar da aka tilasta mata ba za ta sake jiki a cikinta ba komai kyanta.

Bayan launi sai nau'in yadi. Satin ne ya fara jan hankalinta saboda sheƙinsa, amma satin ɗin da ya cika kasuwa na roba ne, yana riƙe zafi, kuma gumi kaɗan ya isa ya bar tabo mai duhu a hammata da gadon baya, abin da ruwan hoda ba ya ɓoyewa ko kaɗan. Liyafar kuma ta faɗo cikin damina, lokacin da ɗakin taro kan yi zufa da zarar wuta ta ɗauke. Sai muka ɗauki kirep mai ɗan nauyi yadi 4 domin jikin rigar, shifon yadi 2 domin hannuwa, da ɗan guntun leshi da za a ɗora a ƙirji, tunda cikakken leshi mai yadi 5 ya yi wa wannan aiki yawa. Kirep ba ya ƙyalli, yana zuba da kyau, kuma ba ya saurin yamutsewa idan an daɗe a zaune. Mun sayi komai rana ɗaya, kowane yadi daga bandir ɗaya, domin rinin wannan bandir da na wancan kan ɗan bambanta, bambancin kuma ya fi fitowa a launi mai haske.

Telar mace ce a unguwarmu, tana da 'yan koyo a ƙarƙashinta, kuma tun daga awo na san hannunta ya faɗa. Ta ƙi auna tsawon rigar sai an kawo takalmin da za a sa ranar taron. Ta sa yarinyar ta ɗaga hannuwa sama, ta zauna a kujera, ta yi dogon taku, tana lura da inda tef ke ja. Da autar tawa ta nemi a matse rigar daga ƙugu har gwiwa kamar yadda ta gani a hoto, sai telar ta dube ni ta ce, “Hajiya, in an ɗinka haka za ta yi kyau a tsaye, amma ba za ta iya rawa ba, kuma ɗinkin baya ne zai fara ɓarkewa.” Abin da ta yanka a maimakon haka shi ne riga mai kama jiki daidai gwargwado a sama, wadda ke buɗewa a hankali daga ƙugu zuwa ƙasa, da hannun shifon mai faɗi da aka tattare a wuyan hannu da maɓalli. A hotuna da bidiyon da aka ɗauka ranar, ban ga wuri ɗaya da yarinyar take jan riga ƙasa ko gyaran kafaɗa ba, kuma wannan a wurina shi ne ma'aunin ɗinki mai kyau.

Inda na fi yaba mata shi ne shafi, wanda teloli da yawa ke ɗauka aikin banza saboda ba a ganinsa. Ruwan hoda yana nuna abin da ke ƙarƙashinsa fiye da yadda ake zato, musamman idan hasken kyamara ya doke shi ko mutum ya tsaya a bakin ƙofa rana na bayansa. Farin shafi, wanda shi ne aka fi samu a shagunan ɗinki, yana kashe launin ya mai da shi kamar wanda ya koɗe, sannan yana leƙowa fari fat a ƙasan riga idan an juya. Ita sai ta nemo shafi mai launin yadin, wanda ya ɗan fi shi duhu kaɗan, ta sa mai santsi a siket domin kada ya manne wa ƙafa, a ƙirji da baya kuwa ta sa na auduga saboda ya sha gumi. Hannun shifon ma ninki biyu ta yi masa, don haka ya cika sharaɗin makaranta ba tare da ya yi nauyi ba. Ranar gwaji ta kashe fitilar shagon, ta ɗauki hoto da hasken waya ta gaba da ta baya, ta nuna mini cewa babu abin da ake gani. Ban taɓa ganin telar da ta yi wannan gwajin ba tare da an nema ba.

Duwatsun da aka jera a wuya da saman leshin su ne suka rage wa aikin daraja. Irin waɗanda ake mannawa da zafin dutsen guga ne, kuma gam ɗinsu ba ya kama leshi sosai saboda ramukan da ke jikinsa. Kafin a tashi daga taron wasu sun zube, aka bar gurabe masu ɗigon gam a daidai wurin da ido ke fara sauka, waɗanda suka rage kuma suka riƙa kama zaren mayafi suna ja. An caje ni kuɗinsu daban, kuma da an ce mini za a iya ɗinka 'yan ƙalilan da allura a kan ƙarin kuɗi kaɗan, da shi na zaɓa. Zif ɗin baya na ɓoye ne, siriri, yana cijewa a daidai ɗinkin ƙugu inda kirep da shafi suka taru suka yi kauri, har sai da mutum biyu suka taimaka kafin ya hau. Bakin shifon ta ciki ma ba a bi shi da keken kame zare ba a hannun hagu, alamar an bar wa 'yar koyo ƙarashen aikin ba a duba ba. A gefe guda, ta ba da rigar a ranar da ta yi alkawari, a lokacin da shagon ke cike da ɗinkin 'yan makaranta, wanda duk mai hulɗa da teloli ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen haɗa kwalliya mun taƙaita. Mayafin shifon ne wanda ya fi rigar duhu, domin ruwan hoda iri ɗaya daga kai har ƙafa yana mai da budurwa kamar ƙaramar yarinya. Sarƙa ba mu sa ba tunda wuyan yana da ado, sai ƙananan 'yan kunne ruwan azurfa, da 'yar jakar hannu da takalmi su ma ruwan azurfa. Ruwan zinare mun gwada, sai ya yi wa sirkin tokan nan nauyi. Takalmin mai gajeren dunduniya ne mai faɗi da maɗauri a idon sawu, ta yi rawa da shi ba ta cire ba. Janbaki mai kusa da launin leɓe aka sa mata, da kwalli da hoda kaɗan. Lalle kuwa jan lalle na gargajiya aka yi mata a yatsu kawai, kwana biyu kafin taron domin ya nuna ya kuma daina zuba a jikin yadi. Na hana baƙin da ake haɗawa da rinin gashi, saboda sinadarin da ke cikinsa yana ƙona fatar wasu har ya bar tabo.

Da hannu muka wanke rigar, cikin ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, aka shanya ta a juye a inuwa, domin rana tana saurin cinye wannan launi. Ba ta zuba ba, ba ta kuma tsuke ba, sai dai ragowar duwatsun sun ƙara zubewa a ruwan wanki. Guga da wuta kaɗan ake yi mata ta ciki, shifon kuma sai an ɗora masa ƙyalle. Da na mayar da ita shagon, telar ba ta yi musu ba. Ta sauya zif ɗin da mai ƙwari ba ta karɓi ko sisi ba, ta ɓamɓare sauran duwatsun, ta rufe guraben da ƙananan beza, wato duwatsun ado masu huda, ɗinkin hannu, wanda na biya kuɗinsa. Ta kuma nuna mini rarar yadin da ta bari a ɗinkin gefe, yadda za a iya saki idan yarinyar ta ƙara jiki, saboda haka rigar za ta yi mata bikin 'yar'uwarta da ke tafe. Ɗinkin bikin ma ita zan kai wa, bisa sharaɗin cewa duk adon da za a sa da allura za a ɗinka shi, kuma ita da kanta za ta duba cikin rigar kafin a ba ni.