Jan gaba ko bin kafaɗa a gudun mita 800?

Ƙanena, tsakanin jan gaba da bin kafaɗa da ka tambaya, ka riƙe bin kafaɗa. Shi na yi gudu da shi shekaruna na wasannin makarantu nan Maradi.

Mai horar da mu yakan ce da an wuce kwanar farko, inda doka ta yarda kowa ya bar layinsa, in je in manne da kafaɗar dama ta wanda ke gaba. Ranar da na fi jin daɗin wannan dabara, iskar hunturu ce ke bugun fuska a miƙen baya, wato miƙaƙƙen ɓangaren fili da ke daura da wurin ƙarewa. Na gaba ya sha ta shi kaɗai, ni ina bayansa numfashina a kwance. Saura mita 200 na ji takunsa ya yi nauyi, na jira muka fito kwana, na wuce shi. Har yau in na tuna sai na ji sanyi a rai.

Sai dai wurin yana son lura. Faɗin layi mita 1.22 ne, wanda ya zaga fili a layi na 2 ya ƙara wa kansa wajen mita 7 a zagaye guda. In kuma ka lafe can ciki wani ya zo ya tsaya maka ta dama, an kulle ka ke nan, ƙarfin yana jikinka amma ba hanyar fita. Shi ya sa ake wuce mutum a miƙe, ba a kwana ba.

Jan gaba kuwa, yana ci in ka fi kowa nesa ba kusa ba. David Rudisha, ɗan tseren Kenya, ya yi shi a mita 800 a gasar Olympics ta Landan a 2012, ya kafa tarihin duniya da minti 1 da daƙiƙa 40.91. Amma Jakob Ingebrigtsen na Norway ya ja gaba a mita 1500 a gasar Olympics ta Paris a 2024, ya ƙare na 4, Cole Hocker na Amurka ya biyo ta ciki ya ɗauke zinariya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da takalmin ƙusa a kasuwa. Wasu na ƙwallo za su miƙo maka su rantse na gudu ne. Juya ƙasan ka duba: na gudu ƙusoshinsa sirara ne, a gaba kawai suke, kuma galibi suna kwancewa. In an manne su da gam, ajiye masa kayansa.