Bulok ɗin kamfani ko na musamman: wanne ke jure ƙarfin doki mai yawa?

Bulok shi ne gangar jikin injin mota, inda silindoji suke. Amsar ta danganta da irin injin. Bulok ɗin Toyota 2JZ-GTE na baƙin ƙarfe ne, bakin silindojinsa a haɗe yake da jikin bulok, shi ya sa yake ɗaukar doki 800 zuwa 1,000 ba tare da an canza shi ba. Haka bulok ɗin LS na kamfanin General Motors mai baƙin ƙarfe, lita 5.3 da 6.0. Amma Ford 302 na kamfani yakan tsage ta tsakiya idan an kai wajen doki 500, domin ƙarfen da ke riƙe da kiranshaf, wato sandar da fistan ke juyawa, siriri ne. A Honda B18 kuwa silindojin tsaye suke ba madogara a sama. Turbo na matsawa sai su riƙa motsi, gasket ya ƙone, bango ya fashe.

Bulok na musamman, irin na kamfanin Dart mai ƙera kayan injin tsere, yana da bango mai kauri, da kusoshi huɗu a kan kowane murfin da ke riƙe kiranshaf. Sai dai akwai tsada, kuma sai an kai shi wajen masu gyaran silinda kafin haɗawa. Wasu na tsere ma ba su da hanyar ruwan sanyaya inji, don haka ba sa hawa titi.

A ganinmu, yawanci ba bulok ke fara mutuwa ba. Fistan ne da kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf, musamman idan mai yana fashewa kafin lokaci. A sa kusoshi masu ƙarfi na kamfanin ARP, a buɗe tazarar ringin fistan, a daidaita wuta da mai, kafin a yi zancen sabon bulok.