Na kira mai ɗaukar hoton abinci ta ɗauki kek ɗina, ga yadda muka yi

Shekara uku ke nan ina yin kek da donot da cincin a gida, kuma duk hoton da nake sawa a status da wayata nake ɗauka, da daddare, da fitilar nan mai zagaye ta 'yan TikTok. Ana saura sati biyu azumi na ce bari in kira wata baiwar Allah da ke ɗaukar hoton abinci saboda odar sallah. Kuɗin da ta caje ni ya kai kuɗin manyan kek biyu, sai da na yi jim kafin na tura.

Tana shigowa ta ce Aunty a kashe fitilar nan, a kashe ƙwan ɗaki ma. Wai hasken da ke dukan abu ta gaba shi ke sa kek ya fito shafal kamar an goge shi, ga zoben fitilar yana fitowa a jikin cakulan ɗin donot. Ta ja tebur zuwa bakin taga wajen ƙarfe 10 na safe, ta saki farin labule, ta jingina farin kwali a ɗaya gefen don ya maido haske inda ya yi duhu, wallahi nan take na ga ƙananan ramukan cikin kek ɗina da laushinsa, abin da ban taɓa gani a hoto ba duk tsawon shekarun nan.

Yankan ma da iyawa ne ashe. Sai da kek ya huta a firij, sannan ta tsoma wuƙa a ruwan zafi ta goge ta yanka, kowane yanka sai ta sake gogewa don kar kirim ya ɓata gefen. Garin suga kuwa da rariya ta barbaɗa shi daf da za ta danna kamara, don in ya daɗe a kan donot mai maiƙo shanyewa yake. Kuma da sauri muke komai, kun san zafin garin nan da kirim ɗin bota, minti kaɗan ya fara zubewa. Abin da ya fi burge ni, cincin da dublan ba ta yarda an zuba su a farantin tangaran ba, faifai da ƙwarya ta sa na ɗauko, sai ga shi sun fito kamar kayan garar amarya.

Inda muka saɓa guda ɗaya ne. Ta so ta cusa kwali a tsakanin hawa biyu na kek ta ƙara kirim a bakinsa don ya yi tsawo, ta ce haka ake yi a talla. Na ce a'a ƙanwata, tsinken sakace da kika sa don ya riƙe yankan na yarda, amma kwali ban yarda ba, matar da za ta biya kuɗinta abin da ta gani take jira a kai mata, ni kuma da ita zan haɗu a gidan biki. Ba ta ja ba gaskiya, ta cire.

Hotuna sun zo bayan kwana biyu, sun yi kyau sosai. Bidiyon ne ya ɓata min rai, kwana 9 ina bibiya, da ya zo kuma a kwance ta ɗauka alhali Reels da status a tsaye suke so, da aka yanke rabin tiren ya fita. Ta kuma ƙara kala har alkakina ya koma kamar lemo, sai da na sa ta rage.

Zan sake kiranta kafin babbar sallah in sha Allah, amma wannan karon tun kafin in tura kuɗi za mu rubuta ranar karɓar bidiyo, da cewa a tsaye nake so. Teburin dai har yanzu yana bakin tagar, farin kwalin ma ban yar ba.